Yadda Za Ka Tono Tsohon Sharhin Gem Ka Ba Mutane Dariya

A fitowarta ta watan Afrilun 1994, mujallar Edge ta Ingila ta yi sharhin Doom, wasan harbin dodanni da kamfanin id Software ya saki a watan Disambar 1993. Maki 7 cikin 10 ta ba shi. Can wajen ƙarshe, mai sharhin ya nuna takaicinsa cewa harbi kawai ake yi, ya ce da ma a ce mutum zai iya magana da dodannin nan, ya ƙulla abota da su, da wasan ya fi armashi. Sama da shekara talatin ke nan masu buga gem suna yi wa wannan magana dariya, kuma da dalili. Duk wanda dodon Doom ya taɓa taso masa yana wurgo dunƙulen wuta ya san ba fuskar a tsaya a gaisa ba ce.

Irin wannan waiwaye ya zama fanni mai zaman kansa: a ɗauko tsohuwar mujalla, a karanta abin da aka ce kan wani wasa ranar da ya fito, a auna da abin da muka sani yau, a yi raha. Ina son wannan fanni ƙwarai, kuma ina son in ga ana yin sa da Hausa. Sai dai mafi yawan abin da ke yawo na ganganci ne. A yanko jimla ɗaya, a manna, a ce ku zo ku ga wawa. Dariyar da take daɗewa tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin zamaninsu da namu, kuma ba za ka iya nuna wannan tazara ba sai ka san abin da mai sharhin ya sani a ranar da ya zauna rubutu.

Ka fara da neman mujallar kanta. Rumbun Internet Archive cike yake da tsofaffin fitowar Electronic Gaming Monthly, GamePro, Computer and Video Games, Mean Machines, Crash, Zzap!64 da Amiga Power, waɗanda masu sha'awa suka ɗauki hoton shafukansu ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma shafin Retromags. A farkon 2025 gidauniyar Video Game History Foundation ta buɗe ɗakin karatunta na intanet, inda za ka rubuta sunan wasa ya fito maka da shafukan da aka ambace shi. Wannan ya rage wahala sosai. Fayilolin suna da nauyi, don haka ka sauke su lokacin da data take da sauƙi, kuma in da hali ka karanta a kwamfuta, domin rubutun ƙanana ne, ana cusa su cikin akwatuna masu launi a gefen hotuna, waya ba ta nuna su da kyau.

Ka sauke fitowar gaba ɗaya, kada ka tsaya a shafin sharhin kaɗai. Ka duba bango, ka duba tallace-tallace, ka karanta wasiƙun masu karatu. Sau da yawa za ka tarar wasan da aka yaba a shafi na arba'in yana da talla mai shafi biyu a farkon mujallar, ko kuma shi ne a bango da alkawarin cewa su suka riga kowa gwada shi. Ka rubuta sunan mujallar, watan fitowa da lambar shafi tun a lokacin. Ka kuma tuna cewa watan da ke jikin bango yakan yi gaba da ranar da mujallar ta shiga kasuwa da kusan wata guda, rubutun kuwa an yi shi makonni kafin nan. Wato mai sharhin sau da yawa bai ga wasan a kanti ba tukuna, kwafin gwaji kamfani ya aiko masa, wani lokaci ma ba a gama shi ba.

Kafin ka yi dariya, ka tabbata abin ya faru. Akwai wani hoto da ya zagaye duniya, an yi shi da siffar shawarwarin da GamePro ke bugawa a ƙarƙashin hotuna, yana cewa in kana son kashe babban dodon Doom mai suna Cyberdemon, ka yi ta harbinsa har ya mutu. Mutane da yawa sun rantse a mujallar suka gani. Ba ta taɓa buga shi ba. Wani masoyin Doom ne ya haɗa shi don tsokanar salon mujallar, abin ya bi duniya. Idan ka ɗauki irin wannan ka gina rubutunka a kai, mutum ɗaya da ya sani ya isa ya rushe maka komai. Dokata a nan ɗaya ce: abin da ban gani da idona a cikin cikakkiyar fitowa ba, ba ya shiga rubutuna.

Su ma mujallun suna shirya nasu tarkon, musamman a fitowar Afrilu, saboda al'adar Turawa ta yi wa juna ƙaryar wasa ranar 1 ga watan. Mafi shahara ita ce ta Electronic Gaming Monthly a Afrilun 1992. Sun buga cewa akwai wani ɓoyayyen gwani mai suna Sheng Long a cikin wasan faɗa na Street Fighter II, har da hotunan da suka haɗa. Sharaɗin ganinsa shi ne ka ɗauki gwanin da ake kira Ryu, ka doke kowa ba tare da an taɓa ka ko sau ɗaya ba, ka isa wurin M. Bison, abokin faɗa na ƙarshe, sannan ku yi zagaye goma ba ka taɓa shi ba, shi ma bai taɓa ka ba, har lokaci ya ƙare. A nan ne wai Sheng Long zai faɗo ya yi jifa da Bison ya fuskance ka. Ka yi tunanin yaro a gaban injin wasa, yana zuba kuɗinsa, yana tsalle yana kauce wa Bison zagaye bayan zagaye don ganin mutumin da babu shi. Wasu mujallu a wasu ƙasashe sun kwafe labarin sun buga a matsayin gaskiya ba tare da sun gwada ba. Daga baya kamfanin Capcom ya saka ɓoyayyen gwani na gaske, Akuma, a Super Street Fighter II Turbo na 1994, kuma yadda yake shigowa ya kawar da Bison ya yi kama da waccan ƙarya. Wannan labari bai buƙatar ka ƙara masa gishiri. Ka jera shi yadda ya faru, mai karatu zai yi dariya da kansa.

Abu na gaba shi ne maki, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Maki kamar mudu ne, kowace kasuwa da girman nata. Electronic Gaming Monthly, wadda ta fara fitowa a 1989, a zamaninta mutum huɗu take sawa su yi sharhin wasa ɗaya, kowa ya ba da makinsa cikin 10, har da wani mai rufe fuska da ake kira Sushi-X. Famitsu ta Japan, wadda ta fara a 1986, ita ma mutum huɗu ne, amma ana haɗa makin ya zama cikin 40, kuma sai a 1998 ta fara ba wani wasa 40 cif, wato The Legend of Zelda: Ocarina of Time. GamePro a lokacin zanen fuskoki take amfani da shi, daga fuskar mai gyangyaɗi zuwa ta wanda murna ta kusa fasa masa kai, makin kuma bai wuce 5. Zzap!64, mujallar masu kwamfutar Commodore 64 da ta fara a 1985, takan raba maki gida-gida, hoto daban, sauti daban, yadda wasan ke kama mutum daban, sannan ta sa zanen fuskar kowane mai sharhi da Oliver Frey ya zana, ko yana murmushi ko ya ɓata rai.

Amfanin sanin wannan shi ne ka gane nauyin lambar da kake gani. A mujallu da yawa na wancan lokaci, kashi 70 cikin ɗari tamkar zagi ne cikin ladabi, domin kusan komai tsakanin 70 da 95 yake faɗawa. Amiga Power, wadda ta fito daga 1991 zuwa 1996, ta ƙi wannan, ta ce matsakaicin wasa kashi 50 ne haƙƙinsa, kuma ta taɓa ba International Rugby Challenge kashi 2. Ita kuwa Edge tana da rowar maki, ta fara a 1993 amma ba ta ba kowa 10 ba sai Super Mario 64 a 1996. Saboda haka 7 ɗin da ta ba Doom yabo ne da ɗan ƙorafi a ciki. Ka kuma san mai mujallar. Nintendo Power, wadda ta fara a 1988 da hoton Super Mario Bros. 2 a bango, ta kamfanin Nintendo ce da kansa tsawon shekaru. Idan ka ga tana lallaɓa wani wasa mara kyau, ka san dalili, kuma ka gaya wa mai karatu.

Wajen zaɓen abin da za ka rubuta a kai, mafi sauƙin samu shi ne zumuɗin hoto. Kowane zamani yana da mai sharhin da ya rantse cewa an kai ƙarshe, ba za a ƙara bambance wasa da zahiri ba, sai ka dubi hoton da ke gefe ka ga mutum mai kai kamar akwati da hannaye ba yatsu. Wannan yana ba da dariya, amma yana saurin gundura, sau ɗaya ya isa a rubutu guda. Akwai kuma wasannin da aka raina suka zo suka zama abin alfahari, kamar EarthBound da ya fito a Amurka a 1995, masu sharhi suka ga hotunansa kamar na yara, kamfanin kuma ya tallata shi a mujallu da takardun da ake kankarewa su fitar da wari.

Wanda na fi so shi ne inda mujallu biyu suka kalli wasa ɗaya suka ga abu biyu. Rise of the Robots, wasan faɗan mutum-mutumi na kamfanin Mirage, ya fito a ƙarshen 1994 bayan an shafe watanni ana kururuta shi. An yi alkawarin hotuna irin na silima da abokan faɗa masu koyon salonka su canja dabara. Hotunan kam sun yi kyau a takarda, shi ya sa ya hau bangon mujallu. Da ya iso hannun mutane sai aka tarar ba ka iya tsallake abokin faɗanka ka koma bayansa, in kai kaɗai kake wasa mutum-mutumi guda ne kawai za ka iya ɗauka, kuma in ka matsa shi lungu ka yi ta maimaita shuri iri ɗaya za ka iya gama wasan. A kwamfutar Amiga faifai goma ko fiye ya zo a kai, kana faɗa kana canja faifai. Wasu mujallu sun ba shi maki mai tsoka. Amiga Power, a fitowar Janairun 1995, kashi 5 cikin ɗari ta ba shi. Ka nemo sharhin yabon, ka nemo na Amiga Power, ka ajiye su gefe da gefe, ka bi su batu bayan batu: ga abin da wannan ya ce kan basirar abokan faɗa, ga abin da wancan ya tarar. Rubutunka ya riga ya samu ƙashin baya. A nan kuma akwai abin da ya wuce raha, domin yara ne suka tara kuɗi suka saya saboda sun yarda da makin da suka gani. Ina ganin ya halatta ka yi zafi kaɗan a irin wannan wuri.

Sannan ka buga wasan da kanka. Gani ya kori ji. Internet Archive tana da dubban tsofaffin wasannin kwamfuta da ake bugawa kai tsaye a burauza, kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori. Ka tabbata nau'in da aka yi wa sharhi kake bugawa, domin suna ɗaya ba ya nufin wasa ɗaya. Mortal Kombat da ya shigo gidaje a watan Satumbar 1993 misali ne: na Super Nintendo an cire masa jini an mayar da shi kamar gumi, na Sega kuwa akwai lambar sirri da ke dawo da jinin. Mai sharhin da ya yi ƙorafin an lalata wasan, da wanda ya ce ya yi daidai, wataƙila duk gaskiya suka faɗa. Haka kuma a lokacin talabijin ɗin Ingila na tsarin PAL ne mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan kuwa 60, don haka wasanni da yawa sun fi jan ƙafa a Turai da kusan kashi 17 cikin ɗari, ga baƙin layi sama da ƙasa. Idan Baturen Ingila ya ce wasan tsere yana jan ƙafa, kai kuma ka ga yana gudu, ka duba wannan kafin ka ce ya yi ƙarya.

Ka sa farashi a lissafi. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Mastertronic yana sayar da wasa a kaset kan fam 1.99, shi kuwa Street Fighter II na Super Nintendo ya haura fam 60 a Ingila a 1992. Mai sharhin da ya dage kan cewa wasa gajere ne, yana tunanin yaron da wasa biyu ko uku kawai zai samu a shekara. Yau da muke sauke wasa kyauta a waya, ƙorafin yakan yi kama da rigima, amma a lokacin shi ne muhimmin abin da mai saye ke son ji.

In ka zo rubutawa, ka fara da ajiye mai karatu a cikin watan: wace na'ura ake yayi, wane wasa ne kowa ke magana a kai. Jimla biyu ko uku sun isa. Wannan ya fi muhimmanci ga mai karanta Hausa, domin yawancinmu mun san wasannin ba mu san mujallun ba. Mun buga Sonic da Mortal Kombat a gidan gem, mun buga ƙwallo a PlayStation ana biyan kuɗi wasa-wasa, lambobin sirri kuma daga bakin wani yaro muka ji su, shi ma daga bakin wani. Mutumin da ya san wasa a hannunsa amma bai taɓa jin abin da aka ce a kansa ranar fitowarsa ba, shi ne mai karatun da ya fi kowa jin daɗin irin wannan rubutu. Ka bayyana masa mujallar a taƙaice, ka wuce.

Bayan haka ka bar mai sharhin ya yi magana. Ka mayar da jimlolinsa Hausa da amana, da irin zumuɗinsa, ba tare da ka ƙara masa wautar da bai yi ba. Idan ya yi ihu, ka yi ihu a madadinsa. Idan ya yi wasa da kalmomin da ba za su shigo Hausa ba, ka bar su, ka ɗauki wata jimlar. Kuma ka lura ko shi ma raha yake yi. Mujallun Ingila irin su Your Sinclair da Amiga Power da gangan suke shirme, wanda ya ɗauki barkwancinsu a matsayin magana ta haƙiƙa ya yi musu dariya, shi ne bai gane ba. Ka ɗauko gajerun jimloli, ka sa hoton ɓangaren shafin don kowa ya gani, sai ka faɗi abin da ka tarar da ka buga wasan, a fili, ba ado. Makin ka ajiye shi sai can ƙasa, bayan mai karatu ya gama jin yabon ya kuma ga gaskiyar wasan. In ka faɗi abin dariya, ka wuce, kada ka tsaya bayyana dalilin da ya sa yake da ban dariya.

Ka kuma nemi wurin da mai sharhin ya yi daidai, domin kusan kullum akwai shi, kuma shi ne ke ba rubutu ɗanɗano na biyu. Mutumin Edge da ke son hira da dodanni ba mafarki yake yi ba. Shin Megami Tensei, wanda ya fito a Japan a 1992, ya riga ya bar ɗan wasa ya yi ciniki da aljanu ya ja su ɓangarensa. Undertale na 2015 kuwa an gina shi ne kacokan a kan cewa za ka iya gama wasan ba ka kashe kowa ba, kuma duniya ta yaba masa. Abin da ya nema mai kyau ne, wurin da ya neme shi ne bai dace ba. Rubutun da ya kawo dariyar sannan ya kawo wannan ya fi wanda ya tsaya a dariyar kaɗai nesa ba kusa ba.

Ina roƙon ka da ka tausaya wa mutanen. Da yawansu matasa ne ƙwarai. Mujallar Crash, da ake bugawa a ƙaramin garin Ludlow, 'yan makarantar garin take ɗauka su gwada wasanni su faɗi ra'ayinsu. Suna aiki cikin ƙurewar lokaci, a farkon zamanin ma da kyamara ake ɗaukar hoton fuskar talabijin a ɗaki mai duhu, taswirar wasa kuma sai an haɗa hotuna da yawa da hannu. Da yawansu suna raye, suna karanta abin da ake rubutawa. Ka soki sharhin, ka ambaci mujallar, amma ba dole ba ne ka ɗaga sunan mutum don jimlar da ya rubuta yana ɗan shekara goma sha tara. Akwai kuma abubuwan da za ka ci karo da su waɗanda ba na dariya ba ne, kamar tallace-tallacen da ke wulaƙanta mata ko barkwancin raina wasu ƙabilu. In za ka taɓo su, ka kira su da sunansu, kada ka lulluɓe su da cewa zamani ne.

Kafin ka saki rubutun, ka koma ka gwada kowace lamba da shafin da ka ɗauko ta, ka ambaci rumbun da ka samo hoton, domin wani ne ya ɓata dare yana ɗaukar shafukan nan kyauta. Kada ka ɗora mujallar gaba ɗaya a rubutunka, ɓangaren da kake magana a kai ya wadatar. Daga nan ka karanta wa wani da ya taɓa buga wasan, da babbar murya, kana kallon fuskarsa. Inda ya yi dariya ka bari. Inda ya katse ka ya ce ai ba haka wasan yake ba, ka koma ka sake bugawa. Inda ya ɗauki wayarsa yana dubawa, ka yanke sakin layin.